Idon Hagu na Mai Agogo

Duk wanda ya saba bin layinmu ya san Mai Agogo. Teburinsa yana ƙarƙashin rumfar kantin magani, nawa kuma yana jikin nasa. Shi yana gyaran agogo, ni ina gyaran takalmi. Tun gashinmu yana baƙi muke zaune a nan, kafaɗa da kafaɗa. Yana ce mini Shumeka, ina ce masa Mai Agogo, har sunayenmu na yanka suka kusa ɓace mana.

Mutum ne gajere, siriri, mai ƙananan hannuwa masu tsabta. Ba ya son hayaniya. Wurin kawunsa ya koyi sana'ar tun yana ƙarami. Ya ba ni labari cewa ranar farko kawun ya ɗauko ɗan gilashin nan da masu agogo ke maƙalawa a ido don ƙaramin abu ya zama babba, ya cusa masa a idon dama, ya ce, "Rufe na hagu." Ya rufe. To, daga ranar idon hagu ya ɗauki umarnin nan bai sake ajiyewa ba. In dai Mai Agogo zai yi abin da ke son natsuwa, idon yakan rufe kansa ba tare da ya sani ba. Ko shayi zai tsiyaya a kofi, ko makulli zai zura a kwaɗo, sai ka ga ido ɗaya ya tafi barci. Gefen fuskarsa na hagu har ya fi na dama tamoji. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce ita da rabin kallo aka aure ta.

A zamaninsa babu agogon da ya gagare shi. Na sha ganin an kawo masa wanda ya faɗa ruwa, ko wanda mota ta taka, ya baje kayan cikinsa a kan farin ƙyalle, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, ya mayar da kowanne mazauninsa. In ya gama ba ya cewa komai. Sai ya wana agogon, ya kara wa mai shi a kunne.

Ni na fara lura da cewa wani abu ya canja. Sai in ji yana shafa ƙasa da tafin hannu yana neman ɗan noti, alhali notin yana gabansa a kan ƙyalle. Daga baya ya fara mayar da aiki. In an kawo agogo mai wahala sai ya ce kayan gyaransa sun daina samuwa. Ya koma canjin batir da maɗauri kawai.

Wata rana babu kowa a wurin, ya ce mini, "Shumeka, hayaƙi nake gani."

Na ce, "A ina?"

Ya ce, "A cikin aiki. Hanya ina ganinta sarai. Mutum tun daga bakin titi nake gane shi. Amma da na zauna na sa gilashi, sai hayaƙi ya rufe komai."

Na ce ya gwada sa gilashin a ɗaya idon mana. Ya gwada a gabana. Idon ya runtse a kansa, gilashin ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin bencina.

Ya ce, "Ka gani ko? Wannan na kallon hanya ne, bai san aiki ba."

Na yi masa maganar asibiti, ya kawar da kai. Na san dalili. Tsoro yake ji a gaya masa abin da ba ya son ji.

'Ya ɗaya gare shi, tana aikin ofis a can ɗaya gefen gari. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata, kuma kamar uwar take juya shi. Ta zo gaishe shi ta tarar yana ƙoƙarin rufe bayan agogo da murfin wani agogon. Ba ta yi magana a gaban mai kaya ba. Da mutumin ya tafi ta durƙusa kusa da shi.

"Baba, ya isa haka. Na gyara maka ɗaki a gidana, da talabijin da komai. Rumfar nan ma yoyo take yi. Kafin damina ta sauka zan zo da mota in kwashe kayan nan."

Ya ce, "To, Uwata."

Bai taɓa yi mata musu ba. Amma bayan ta tafi ya daɗe yana goge teburin da ba shi da datti, sannan ya ce, "In na bar wurin nan, me zan tashi in yi da safe?"



A cikin kwanakin nan ne Dogo ya shigo maganar. Malamin motsa jiki ne a makarantar da ke bayan layinmu, shi ma furfura ta fara kama shi. Ni nake gyara masa takalma. Ya taɓa kawo wa Mai Agogo wani tsohon agogon hannu na mahaifinsa, irin na dā da ake wanawa, Mai Agogo ya karɓa ya jefa a aljihun tebur, kullum yana ce masa ya dawo. Ran nan Dogo ya zo tambaya, da wata doguwar jaka a kafaɗa.

Mai Agogo ya ce, "Malam, me ka ɗauko haka kamar mai ƙaura?"

Dogo ya zuge jakar. Baka ne, amma ba irin na maharba ba. Kashi uku ne, ana haɗa shi da noti. Mai Agogo da ya ga noti sai hannunsa ya miƙa da kansa. Ya shafa, ya juya, ya tambayi aikin wannan da na wancan. Dogo ya ce su kaɗan ne suke haɗuwa a filin makaranta da yamma ranar hutu, suna harbin allo don motsa jiki da huce gajiya.

"Zo ka gwada, Baba."

"Ni da ba na ganin noti?"

"Ai allonmu ya kai tayar mota girma."

Na ɗauka zai yi dariya ya bar zancen. Sai na ji ya ce, "Shumeka, za ka raka ni? Tunda ɗaki za a kai ni a ajiye, bari in yi wauta ɗaya kafin nan."

Muka je. Filin yana da ciyawa, da katanga a ƙarshensa, an jingina allunan a gabanta. Kowane allo an zana masa da'irori masu launi, tsakiyar rawaya, sai ja, sai shuɗi, sai baƙi. Mutanen ba su da yawa. A cikinsu akwai wani direban tasi mai surutu wanda kowa ke kira Direba.

Dogo ya fara da doka: ba mai tsallake layin da aka ja a ƙasa sai kowa ya ajiye baka. Sannan ya tsayar da Mai Agogo kusa da allo, ya juya shi kafaɗar hagu tana kallon allon, ya buɗa masa ƙafafu. Baka a hannun hagu, yatsu uku na dama a kan tsirkiya, wato igiyar bakan. A ɗana kibiya, a ja har hannu ya taɓa gefen baki, a auna, a saki.

Mai Agogo ya ja da ƙyar, ya saki. Tsirkiya ta tsula masa a dantse, kibiya ta nutse cikin ciyawa.

Direba ya ce, "Baba, me ciyawa ta yi maka?"

Mai Agogo yana murza hannu ya ce, "Tsohuwar gaba ce tsakaninmu, ɗana, kada ka shiga."

Aka yi dariya. Ranar ko sau ɗaya bai taɓa allo ba. Amma a hanyarmu ta komawa na ga tafiyarsa ta canja. Ya ce akwai wani ɗan shiru da ke zuwa bayan ka ja tsirkiya kafin ka saki, numfashi ya tsaya, duniya ta yi tsit. Ya ce rabonsa da jin shirun nan tun lokacin da yake saka wa agogo zuciyarsa da hantsaki.

Daga nan ba ya fashi. Na yanka ragowar fata na ɗinka masa abin kare dantse da na kare yatsu. Ya samo tsohon tiyub na keke ya ɗaura a jikin ƙarfen rumfa, in babu aiki sai ya tashi yana ja yana saki don kafaɗa ta yi ƙarfi. Mai kantin magani yakan leƙo ya ce, "Yau kuma da wa za a yi yaƙi?"

A hankali tsayuwarsa ta gyaru. Dogo ma har yana nuna shi ga sauran, yana cewa su dubi yadda yake sakin tsirkiya, babu fizga, babu gaggawa. Hannun da ya saba da hantsaki ne. Sai dai kibau ba su san da wannan yabo ba. Wata ta bi sama, wata ta bi gefe, wata ta daki katanga. Dogo ya duba bakan, ya duba kibau, ya gyara masa gwiwar hannu, duk a banza. Bai ga laifin ido ba, don duk mai ja da dama idon hagu yake rufewa ya auna da na dama. Abin da kowa ke yi a layin ke nan.

Wata yamma an gama harbi, ba a tafi ciro kibau ba tukuna, Direba ya fara cika baki wai kibiyarsa ta ƙarshe tana cikin rawaya. An matsar da allonsu nesa, don su sun daɗe. Dogo ya kare rana da hannu yana ƙoƙarin gani.

Mai Agogo ya ce, "Ba ta shiga ba. Tana cikin ja, ta ƙasa, ta ɗan karkata."

Da aka je aka tarar haka ne. Dogo ya dawo ya tsaya a gabansa yana kallonsa.

"Baba, daga nan ka hango?"

"Daga nan."

"To in ka ja tsirkiya, me kake gani a naka allon da ke kusa?"

Ya ce, "Hayaƙi."

"Duk kwanakin nan hayaƙi kake harbi?"

"Ai na daɗe ina aiki a cikinsa, Malam."

Dogo ya sa tafin hannunsa ya rufe masa idon dama, ya ce ya dubi allo. Mai Agogo ya duba. Ya fara lissafa launuka, har ya ce ga wani wuri can da takardar ta yage. Dogo ya mayar da hannu kan idon hagu. Mai Agogo ya ce, "Hayaƙin ya dawo."

Dogo ya ce, "Idonka mai kyau shi kake rufewa. Za mu juya ka. Baka a dama, ja da hagu, awo da idon hagu."

Ya ɗauko wani baka na bahago da ke cikin kayansu, ya ɗaure masa idon dama da hankici, ya tsayar da shi. Mai Agogo ya ɗana kibiya, ya ɗaga, ya fara ja. Yana natsuwa, idon hagu ya yi abin da ya saba.

"Kai! Wa ya kashe wuta?"

Dogo ya yi maza ya riƙe bakan, ya sauke shi a hankali. Direba ya zube a ciyawa don dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini. Mai Agogo ya kwance hankicin yana haki, ya ce, "Na gaya wa Shumeka, wannan idon malalaci ne."

Dogo ya ce, "Ba lalaci ba ne, Baba, sabo ne. Yadda aka koya masa rufewa haka za a koya masa buɗewa."

Washegari na ɗinka masa ɗan faifan fata mai laushi da igiya, wanda zai rufe idon dama. Da shi yake wuni a tebur. Farkon abin da ban tausayi. Zai tsiyaya shayi, ido ya rufe, shayi ya malale a tebur. Zai sa batir, ido ya rufe, ya zauna cikin duhu da agogon mutane a hannu. Idon yana ruwa, yana ƙiftawa, fatarsa tana rawa. Sai in ji yana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa: "Tun ina yaro kake barci, ɗan'uwanka yana wahala. Tashi haka nan."

A fili kuma ya koma ajin farko. Hannun hagu ba shi da ƙarfin ja, yatsun ba su san tsirkiya ba. Na sake ɗinka masa abin kare yatsu na ɗaya hannun, ya juya tiyub ɗinsa ya ci gaba da ja. Direba ya ce yanzu ciyawar ɗaya gefen ce ta shiga uku. Akwai ranar da ya ajiye baka ya zo ya zauna kusa da ni a benci, bai sake ɗaukarsa ba har aka tashi. Sama ta fara tara gajimare a lokacin, kuma mu biyun mun san abin da hakan ke nufi. Na ɗauka ya haƙura. Ranar hutu ta zagayo, sai ga shi a ƙofar gidana da fatunsa a hannu.

A ranar ne abin ya faru. Ya ja, ya kai hannu gefen baki. Ina zaune ta inda nake ganin fuskarsa. Fatar idon ta yi rawa, ta sauko rabi, sai ta tsaya, ta koma sama. Ya saki.

Tab!

Ba a tsakiya ba ne. Can bakin shuɗi ta kafe. Amma allo ne, ba ciyawa ba. Ta biyu ta sauka kusa da ita, ta uku ma haka. Direba ya yi ihu kamar shi ya harba. Dogo ya tafa. Mai Agogo kuwa ya tsaya kawai yana kallon kibau ukun da idonsa ɗaya a buɗe.

A hanya bai yi zancen harbi ba. Sai da muka kusa rabuwa ya ce, "Shumeka, kai da ka ɗinka wa faifai igiya, ba za ka iya ɗinka wa gilashi ba?"

Na gane. Na yi wa gilashin aikinsa ɗan gida na fata da maɗauri, yadda zai zauna a idon hagu ba sai ido ya riƙe shi ba. Ya matsar da fitilarsa ɗaya gefen tebur. Da farko hantsaki yakan wuce abin da yake nufi, don hannun ya saba da kallon dama. Ya fara da babban agogon bango na mai kantin magani. Da wannan ya tashi, sai ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko na mahaifin Dogo, ya shimfiɗa farin ƙyalle.

Yana cikin wannan aikin 'yarsa ta iso, wata safiya da hadari ya haɗo. Ta tsayar da mota, ta fito da kwalaye. Ta hango ubanta, ido ɗaya a rufe da fata, ɗaya da gilashi, kai duk igiyoyi. Kwalayen suka faɗi.

"Innalillahi! Baba, me ya sami idonka?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Uwata, tsaya tukuna. Kada ki girgiza tebur."

Ta juyo wurina. "Kawu, me ke faruwa? Kana zaune aka yi masa haka?"

Na ce, "Ni na ɗinka. Zauna, 'yata."

Na tura mata benci, ta zauna a baki-baki. Muka zuba masa ido. Ya ɗauki wani ɗan abu da hantsaki wanda ni ko ganinsa ba na yi, ya kai shi, ya tsaya, numfashinsa ya ɗauke. Ya saki. Ya ɗaure noti, ya mayar da murfi, ya wana. Sannan ya ture gilashin sama, ya miƙa hannu ya kara mata agogon a kunne.

Ta saurara. Ta daɗe tana saurare.

Ta ce, "Da wane ido?"

Ya nuna na hagu. Ta ce, "Wanda Mama take cewa bai taɓa ganinta ba?"

"Shi."

Ta yi dariya, ta goge fuska da gefen mayafi. Amma halin uwarta ta ɗauko, ba a gama da ita da sauƙi. Ta ce, "To na dama fa? Haka za a bar shi a ƙarƙashin takalmin Kawu?"

Na ce fatar sabuwa ce, ba ta taɓa zama takalmi ba.

Mai Agogo ya ce, "Ki kai ni asibiti, Uwata. Dā tsoro nake ji su ce duka biyun sun tafi. Yanzu na san ina da ɗaya a hannu. Amma teburin nan, ki bar mini shi."

Ta dubi teburin, ta dubi rumfar da ke yoyo, ta dubi kwalayenta a ƙasa. Ta ce asibiti cikin makon nan, ba ɗagawa. Rumfa za ta turo a gyara. In rana ta yi sanyi ya rufe ya tafi gida. Ya ce to, to, to. Tana tattara kwalayen ne ta ga tabon tsirkiya a dantsensa.

"Wannan kuma fa?"

Ni da shi muka dubi juna, sannan ya gaya mata gaskiya.

"Baka? A shekarunka, Baba? Kawu, har da kai?"

Na ce ni ɗan rakiya ne.

Ranar hutu sai ta biyo mu fili don ta ga abin da idonta. Ta tsaya bayan layi da jakarta a hannu, fuska a ɗaure. Da kibiyarsa ta kafe a allo na ji ta ce, "Yawwa!" sannan ta waiga ko wani ya ji. A nan Mai Agogo ya ba Dogo agogon mahaifinsa. Dogo ya kara a kunne, ya ɗaura a hannu.

A asibiti suka ce yanar ido ce ta rufe na dama, kuma ana cirewa. An yi masa aikin, ya yi kwanaki a ɗakin nan mai talabijin, ya dawo yana cewa gadon ya yi laushi da yawa. Idon ya washe. Yanzu aiki mai wahala ya fara dawowa teburinsa, duk da masu ɗaura agogo sun ragu.

Dogo ya tambaye shi ko zai koma harbi da dama tunda ido ya gyaru. Ya ce a'a, na hagu ya daɗe yana jiran layi ya zo kansa. Har yau bai cika samun rawaya ba, yawanci tsakanin ja da shuɗi yake yawo, Direba kuma bai daina tsokanarsa ba. Jiya da safe ina kallonsa yana tsiyaya shayi, idanunsa biyu a buɗe, ya cika kofina ya cika nasa, ko ɗigo bai zuba ba.